Malam Gurgu da Idon Hajiya

Ana idar da sallar asuba muka ɗauki hanya daga Haɗeja, ni da wani maƙwabcinmu mai sayar da turare, wanda zuwa Jidda ya zame masa kamar zuwa kasuwar ƙauye. Ku da kuka ga hotona da harami kuka yi ta aiko da saƙon a yi muku addu'a, na yi muku. Amma gaskiyar magana ba Umara kaɗai ta kai ni ba. Aikena aka yi, kuma irin aiken da ba a faɗa wa mutum da baki.

Yayanmu, ɗan farin mahaifiyarmu Hajiya, masanin haɗa magunguna ne, yana aiki a Jidda da iyalinsa. Shekara ta biyar ke nan bai taka ƙasar nan ba. Hajiya kuwa idonta yana tafiya. Likitan da muke kai ta wurinsa a Kano ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, ragowar kuma lallaɓa shi ake yi da maganin ɗigawa. Kowa a gidanmu ya san abin da take so, ta ga ɗanta tun tana iya gani. Sai dai Hajiya irin matan da ne. Ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ko a waya iyakarta ta ce a gaida yara. Da na shiga yi mata sallama, ta miƙo mini kwalbar zuma ta ce a kai wa ubangidan mutumin Jidda, kamar yadda take ba maƙwabcin nan namu duk shekara. Sannan ta juya fuska wajen bango ta ce, "Auta, ka duba mini ko lafiya yake."

Hanyar Kano kun san ta. Kafin mu kai Gujungu direba ya kauce wa ramuka har kaina ya fara juyawa, kuma duk inda aka gitta itace a titi sai ya rage gudu ya miƙa hannu ta taga. Mun tsaya a Gezawa muka sha shayi da burodi, mai shayin ya faɗi kuɗi na ɗauka da na mutanen tebur duka ya haɗa. A filin jirgi aka ce mu yi sauri, muka yi sauri, sannan aka bar mu zaune har azahar ba wanda ya ce mana uffan. Abokin tafiyata ya shimfiɗa darduma ya yi barcinsa. Ni da ba na iya barci in raina a ɓace yake, sai na ciro ɗan littafin da Yaya ya aiko mini bara, wanda ban taɓa buɗewa ba saboda haushi.

Bari in faɗa muku dalilin haushin. Littafin koyarwar wani masanin falsafa ne na zamanin Rumawa, tun kafin zuwan Musulunci da ɗaruruwan shekaru. Sunansa ya ƙi zama a bakina, kuma tunda an ce gurgu ne, Malam Gurgu nake ce masa. Mutumin nan ya daɗe da mutuwa amma ya hana mu sakat. Duk ranar da na kira Yaya na ce yaushe za ka zo, sai ya sassauta murya ya ce ai Malamin nan ya raba al'amuran duniya gida biyu, akwai wanda ke hannunka, akwai wanda ba ya hannunka, kuma mai hankali ba ya tayar da hankalinsa kan na biyun. Hutu a hannun kafili yake, wato mutumin da ya ɗauke shi aiki, don haka sai haƙuri. Na sha ajiye waya ina huci.

Ni malamin tarihi ne a sakandare, kafin in ji abin da mutum ya ce, ina son in san daga ina ya fito. Saboda haka da gabatarwa na fara, inda aka ba da tarihinsa. Ashe bawa ne. A cikin bauta ya buɗe ido, aka kai shi babban birnin Rumawa yana yaro, yana yi wa wani mai faɗa a ji hidima. Wasu sun ce ubangidan ne ya lahanta masa ƙafa, wasu sun ce ciwo ne. Daga baya aka 'yanta shi, ya shiga koyarwa, aka kore shi daga birnin tare da sauran masana, ya tafi wani gari ya buɗe makaranta. Na karanta wannan a cikin jirgi, ina fama da haramina da ke ta zamewa, na ce ashe! Maganar bawa ce Yaya yake auna rayuwarsa da ita. Na rufe littafin ina jin kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu.

Umara ta yi kyau, Allah ya karɓa. A nan kam ba ni da ƙorafi, sai kumburin ƙafa. Da muka gama, abokin tafiyata ya nufi wurin dillalansa na turare, ni kuma na hau mota zuwa Jidda.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu kuwa jiƙa mutum yake, kana fitowa daga mota riga ta manne maka a baya. Yaya yana zaune a Bani Malik, unguwa mai cunkoso, benaye a jere kowace taga da na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigo wa masu wucewa ruwa a ka. Kyanwoyi sun fi awakin unguwarmu yawa, kuma ba sa matsa wa kowa. A lungu ɗaya za ka ji Larabci, ka ji yaren Indiya, ka ji na Habasha, kana juyawa wani ya ce maka sannu da zuwa da Hausa. Da safe ana layin tamis, wani faffaɗan burodi da ake mannawa a bangon tanda, ana ci da wake dakakke da suke kira ful. Da kuɗinsu abin ba tsada, amma na yi kuskuren juya shi zuwa naira a kaina, sai da lomar ta tsaya mini. Daga ranar na daina lissafi don in samu in ci abinci.

Yaya ya yi ƙiba kaɗan, gemunsa ya fara fari. Ya rungume ni, matarsa ta yi ta hidima, yara suna jin Hausa sarai amma da Larabci suke ba ni amsa. Ban bari kwanon abinci ya huce ba na ɗauko magana. Na ce Yaya, ka san Malaminka bawa ne? Na zaci zai girgiza. Sai ya yi murmushi ya ce ya sani, kuma abin da ya sa ya yarda da shi ke nan. Ya ce da mai kuɗi ne yake kishingiɗe a kan kilishi yana koya wa mutane haƙuri, da bai saurare shi ba, amma wanda aka saya aka sayar, aka karya masa ƙafa, in ya ce maka ana iya mallakar jikinka ba a mallaki zuciyarka ba, to ya san abin da yake faɗi. Na ce ni kuma a ganina magana ce da bawa ya ƙirƙira don ya iya barci da mari a ƙafa, kuma babu wanda zai fi son ta irin ubangida. Ya ce, "Auta, har yanzu kana nan da zafin kanka." Ya zuba mini shayi. Babu abin da ke ƙona rai irin ka zo da faɗa a tarbe ka da shayi.

Matarsa ce ta tsegunta mini abin da ya ƙara tunzura ni. Ta ce a shekarar farko kafilin ya roƙe shi ya ɗaga hutunsa, saboda abokin aikinsa ya tafi ba a samu madadi ba. Yaya ya ce ba komai. Tun daga nan maganar ba ta sake tasowa ba. Ta ce kuma yanzu an sassauta doka, mai irin aikinsa yana iya neman bizar fita da dawowa da kansa ta waya. Da na tuntuɓe shi, ya ce Allah ya kiyaye, wannan cin fuska ne ga mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, ya tsaya masa a kan iƙamar yaransa, wato takardar izinin zama, ya zo asibiti da kansa ranar da aka yi wa matarsa aiki. Ya ce ai yana faɗa masa halin da ake ciki, gobe ma in zo in gani da idona.

Washegari muka tafi Khumra, can kudancin gari, inda siton magungunan kafilin yake, wurin aikin Yaya. Tafiya ce mai ɗan nisa. Benaye suna raguwa, manyan motoci suna ƙaruwa, sai dogayen gine-ginen kwano da garejin gyaran mota da masaukan leburori da wanki a rataye. A cikin siton sanyi kamar firji, kwalaye har rufi, kuma na lura babu kwalin da ke fita sai Yaya ya duba ya sa hannu. Kowa duktur yake ce masa, wato likita.

Kafilin dattijo ne mai fara'a, gajere, da carbi a hannu. Ya tashi ya rungume ni kamar ya san ni, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Yaya ya ajiye kwalbar zuma a gabansa da hannu biyu. Ɗan Larabcin islamiyya da nake da shi ya ishe ni in bi maganar. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce mahaifiya tana gaisuwa, ga ƙanena ya zo daga wurinta, idon nata dai sai a hankali, kwana biyu ba a haɗu ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Jama'a, ku da kuka san gida, kun san an gama magana. Da wani dattijon Haɗeja aka faɗa wa haka, da tuni ya ce subhanallahi, tashi maza ka je ka dubo ta. Shi kuwa bawan Allah ya ɗaga hannu ya yi mata doguwar addu'a, da gaske yake yi har idonsa ya kawo ruwa, ya ce akwai wani maganin ɗigawa mai kyau a sito a ɗebar mata, ya ce zai ba ni dabino in kai mata. Sannan ya buɗe kabad ɗin da ke bayansa don ya ajiye zumar. A nan na ga 'yan uwanta a jere, kwalaben Hajiya na shekarun baya, wasu ko buɗe su ba a yi ba.

Muna fitowa Yaya ya dube ni da fuskar wanda ya sauke nauyi, ya ce, "Ka gani ko? Nawa na yi. Sauran ba a hannuna yake ba." Na tsaya a tsakiyar rana ina kallonsa. Na ce Yaya, me ka yi? Ka tambaye shi? Ya ce haba, ai babba ba a yi masa gatsal, ya ji, in ya ga dama zai yi. Na ce mutumin nan ba Bahaushe ba ne, gaisuwa ya ji, gaisuwa ya amsa. Ya ce in rage murya leburori suna kallo. Muka shiga mota muka koma gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane ita ma Hajiya da zumar nan roƙo take yi. Shekara da shekaru tana aika wa mutum zuma don ya gane ya saki ɗanta, shi kuma yana jerawa a kabad yana cewa mutanen Nijeriya akwai kirki.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka gayyace mu cin abinci a Waziriyya, gidan wani dattijo daga Hausawan Sudan, tsohon ɗan kasuwa da ya tara 'ya'ya da jikoki da kuma surutu. Unguwar ta fi Bani Malik sauƙin haya, gidaje gajeru, kantuna ƙanana, masu gyaran firji da masu ɗinki. Aka shimfiɗa leda a ƙasa aka kawo faranti guda na shinkafa da naman rago, gefe kuma ga miyar kuɓewa busasshiya da wani tuwo mai tsami irin nasu. Akwai wani likita ɗan Zariya abokin Yaya. Ni ne na jawo maganar Malam Gurgu, don na yi niyyar in tara wa Yaya jama'a.

Ban samu yadda nake so ba. Likitan ya ce duk mu biyun ɓata lokaci muke. Wai magana in gaskiya ce gaskiya ce, ko bawa ya faɗe ta ko sarki, kuma shi ba ya tambayar tarihin wanda ya gano magani kafin ya rubuta wa maras lafiya. Na ce amma kana tambayar nauyin maras lafiyar kafin ka ce ya sha guda nawa. Ya ce wannan wata magana ce daban, ya ja cinyar rago gabansa. Mai gidan ya tambaya ko Malamin Musulmi ne, aka ce kafin Musulunci ya rayu, ya ce to Allah ya san da shi. Da ya ji kalmar bawa kuwa sai ya ajiye cokali.

Ya ce kakarsa ta wajen uwa a ƙasa suka taso daga ƙasar Hausa za su aikin Hajji, tana yarinya. Guzuri ya ƙare a hanya, manya suka mutu, ta tsinci kanta a gidan wasu mutane a wannan ƙasar tana ɗebo ruwa da niƙa, ba da sonta ba kuma ba ta da ikon fita. Ya ce ya taso ya same ta tsohuwa a Sudan, bai taɓa ganin mai haƙuri irinta ba, ko gobara aka yi ba ta ɗaga murya. Amma ranar da aka ce mata an 'yanta ta, mutanen gidan suka ce ta zauna za su riƙe ta da kyau, ko wankin da ta shanya ba ta tsaya kwashewa ba. Ya ce, "Wallahi ya ustaz, har ta rasu ba ta kwana a ɗakin da aka rufe ƙofarsa. Halas, shi ke nan, haka take." Ya koma kan shinkafarsa.

Na dubi Yaya ina jiran ya sha jinin jikinsa. Sai na ga yana gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya ce kun ji ko, haƙurin wanda ya ɗanɗana bauta daban ne. Wato shi rabin farko na labarin ya ji, ni kuma rabin ƙarshe. Da ba a gidan mutane muke ba, da na yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

Amma labarin tsohuwar nan ya bi ni har gida, kuma ni ma ya rage mini baki. Na kasa ce wa haƙurinta ƙarya, na kasa cewa ubangidanta ne ya koya mata don ya ji daɗin mulkarta. Da shi ta rayu har ta ga jikoki. Sai na sake ɗaukar littafin na karanta shi da kyau, ba don neman laifi ba. Na ga cikin abubuwan da Malam Gurgu ya ce ba sa hannun mutum har da jikinsa da dukiyarsa da matsayinsa. Na ce to ai gaskiya ya faɗa, a kan kansa. Bawa ba shi da ikon ƙafarsa, ba shi da ikon cewa gobe zan je in ga uwata. Ya duba abin da aka bar masa ya ga zuciyarsa ce kawai, sai ya tsare ta da ƙarfinsa duka. Laifin ba nasa ba ne. Laifin na wanda yake da fasfo a aljihu da baki a fuska ne, ya ɗauki rabon da bawa ya yi wa kansa ya ce shi ma nasa ke nan.

Ban samu damar faɗa wa Yaya wannan da tsari ba, don Hajiya ta riga ni. Da hantsi ranar Asabar matata ta kira ta bidiyo daga gida don Hajiya ta gaisa da yara. Ina banɗaki, Yaya ne ya ɗauka. Ina fitowa na hango fuskar Hajiya ta cika wayar, ta matso da ita dab da idonta tana ƙiftawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki fuska, irin sakin da ba ta taɓa yi masa ba, ta ce, "Auta, kai ne? Har ka yi ƙiba. Ya mutumin, ka same shi lafiya? Bai ce komai ba?" Ashe ta ɗauka Yaya ni ne. Ya miƙo mini wayar ya shiga ɗaki.

Da na gama wayar na bi shi. Yana zaune a bakin gado, littafin yana kan tebur. Duk jawabin da na shirya ya gudu. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, Malaminka da aka 'yanta shi bai ƙare rayuwarsa a gidan ubangidansa yana jiran a lura da shi ba, fita ya yi. Na ce idon Hajiya ba ya hannunka, na yarda, amma bakinka fa, a hannun wa yake? Can ya ce in ɗauko masa makullin mota.

Na sake ganin Khumra ba don ina so ba. Yaya ya tsaya a gaban kafilin yana zufa a cikin wannan sanyin, kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo. Ya fara da gaisuwa, na taka masa ƙafa. Sai ya faɗa a fili, ya ce mahaifiyata tana makancewa, ina son hutu in je ta gan ni. Dattijon ya saki carbi. Ya ce ya duktur, tun yaushe? Ya ce shi ya ɗauka Yaya irin ma'aikatan nan ne da suka fi son a biya su hutun su zauna, tunda duk shekara yana biya Yaya yana godiya. Ya juya ya dubi kabad, ya dube mu, ya ce, "To duk zumar nan magana ce? Me ya sa ba ku faɗa kamar mutane ba?" Har faɗa ya yi. Ba zan ce muku waliyyi ba ne, sai da ya yi ƙorafin wanda zai riƙe sito, ya buga waya nan da can, kuma bai ba da tsawon hutun da muka so ba. Amma ya ce halas, yalla, tafi. Abin da aka shekara biyar ana jira bai kai tsawon shan gahawa ba. Maimakon in yi murna, wallahi haushi ne ya sake turnuƙe ni.

Muka baro yara da mahaifiyarsu saboda makaranta. Abokin tafiyata da ya gan mu tare a filin jirgi ya riƙe baki ya ce shi da ya yi ta dakon zuma bai san saƙo yake kaiwa ba. A jirgi Yaya bai ambaci Malam Gurgu ko sau ɗaya ba. Daga Kano zuwa Haɗeja ramukan nan suna nan inda muka bar su, amma shi kallon gonaki kawai yake yi ta taga.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, in kuna son ji, shi ne ban yi daidai ba da na so a jefar da maganar mutumin don bawa ne, likitan ma bai yi daidai ba da ya ce bautar ba ta da muhimmanci. Yaya ya fi mu kusa, da ya ce wahalarsa ce ta ba maganarsa nauyi, sai dai ya manta cewa ita ce kuma ta yanka mata iyaka. In za ka karanta shi, ka karanta shi kana tuna marin da ke ƙafarsa, sannan ka sunkuya ka duba taka ƙafar. Ni kaina, duk zafin kaina, a kan idon Hajiya da ba likitan da zai dawo da shi, maganar gurgun nan ce take ɗan kwantar mini da rai. A wurin nan ya fi ni sani.

Mun isa gida bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Hajiya tana ɗaki. Yaya ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa a gajarce tana kallon gefe, kamar yadda ta saba. Raina ya fara ɓaci, na ce a zuciyata yau ma kunyar za a yi. Sai ta ce da ni, "Auta, ɗakin nan da duhu. Ka ce masa ya fita tsakar gida." Ta dafa bango ta fito, ta kama hannun rigarsa ta juya shi ya fuskanci rana. Ta sa hannu biyu ta riƙe fuskarsa, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, tana karkata kai tana neman gefen da idon yake ɗan gani. Ta ce, "Ka yi furfura." Sannan ta kira sunansa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma shi ma na tabbata bai taɓa ji ba.

Da safe ina alwala na ji tana tambayar matata ko akwai ragowar zuma a gidan. Ta ce a zuba wa Yaya a koko, bana ba sai an aika wa kowa ba.